Yadda Za Ka Wanke A-kori-kurarka, Ka Bi Ta da Yumɓu, Ka Shafa Mata Wakis a Gida

Tun shigowar hunturu tambaya iri ɗaya ke ta zuwa mini daga masu Hilux da sauran a-kori-kura. Mutum ya kai mota wanki, an wanke ta tas, amma in ya ɗora tafin hannu a kan bonet sai ya ji kaushi-kaushi. In rana ta haska kuma sai ya ga siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Wasu sun sayi wakis mai tsada, wato man da ake shafa wa fenti don kariya da sheƙi, sun shafa, kafin wata ya zagayo babu alamarsa. Duk matsalar daga tushe ɗaya take. Wakis ba ya gyara fenti, abin da ya tarar shi yake rufewa, in datti ne ya rufe datti. Zanen nan kuwa yawancinsa a wajen wanki ake yin sa, lokacin da aka ja ƙwayar yashi a kan fenti da soso ko tsumma. Fatar nan mai sheƙi da ke saman fentin mota ba ta kai kaurin takardar rubutu ba, kusan maikiron 40 zuwa 50 ce kawai, kuma abin da ya tafi daga cikinta ba ya dawowa.

Kayan aiki da inda kuɗin ke tafiya

Ka tanadi bokiti uku, biyu na jikin mota, ɗaya na taya. Sai sabulun wankin mota na ruwa, safar hannu ta wanki mai gashi-gashi, buroshin taya, tawul ɗin maikirofaiba (mai laushin nan na goge mota) akalla shida, ɗaya babba na tsane ruwa, kwalbar feshi, ledar da ba ta da kauri, selotef ɗin takarda irin na masu fenti, yumɓun goge fenti (a jikin kwalinsa za ka ga hoton wani abu kamar sabulu mai launin shuɗi, fari ko ruwan ɗorawa, an rubuta Clay Bar), sai wakis da ɗan soson shafa shi. Ana samun su a shagunan kayan kwalliyar mota da ke wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, da manyan kantuna. Sunayen da aka fi sani su ne Meguiar's, Turtle Wax, Mothers da Sonax, kuma da yake sun yi suna, jabunsu ma na yawo. Ka duba hatimin murfi da tsabtar rubutun jikin kwalba.

Farashinsu yana bin dala, don haka abin da zai fi maka amfani shi ne ka san wanne ne saye ɗaya, wanne ne mai ƙarewa. Gwangwanin wakis mai daskarewa shi ne zai fi cin kuɗi ranar farko, amma in kana shafawa yadda ya kamata zai yi maka sama da sau goma. Bokiti da buroshi na shekaru ne. Yumɓu ne mai ƙarewa da wuri. In kuɗin bai kai ba, ka rage a wajen wakis ka sayi matsakaici, kada ka rage a wajen tawul. Tawul mai arha da aka ɗinke bakinsa da zare mai tauri zai ɓata maka aikin yini guda cikin minti biyar.

1. Zaɓi lokaci da wuri

Aikin zai ci awa huɗu zuwa shida a karon farko, musamman in motar mai ƙofa huɗu ce. Ka fara bayan sallar asuba, da zarar gari ya yi haske, a ƙarƙashin rumfa ko gefen ginin da inuwarsa za ta daɗe. Ka ɗora bayan hannunka a kan bonet. In da zafi, jira. Ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin don ƙura ta kwanta, kuma kada ka zaɓi ranar da hazo ya sauko sosai, domin kana gogewa ƙura na sauka a bayanka.

Gargaɗi: inuwar darbejiya ko mangwaro ba inuwar wannan aiki ba ce. Ƙaro na ɗiga daga sama, tsuntsaye na sauke nasu, kai kuma kana tsammanin ka samu wuri mai sanyi.

Kafin ka taɓa motar ka cire agogo da zobe, ka fitar da makullai daga aljihun gefe. Wanda ya miƙe zai kai hannu tsakiyar rufin Hilux dole cikinsa ya jingina da ƙofa, nan ne kan bel ko makulli ke barin dogon zane. Ka nemi benci mai ƙarfi ka tsaya a kai.

In ruwan 'yan ga-ruwa za ka saya, ka tanadi kamar jarka biyar ko shida. Gara ruwa ya yi ragowa da ya yanke a tsakiyar aiki.

2. Fara da tayoyi

Taya, rim da cikin madigadi su ne mafi datti, kuma in ka bar su ƙarshe sai sun fantsala maka laka a jikin da ka gama. Ka wanke su da bokitinsu da buroshinsu. Baƙin garin nan da ke manne a rim ɓurɓushin birki ne, akwai ƙarfe a cikinsa, saboda haka duk abin da ya taɓa taya ya gama da jikin mota har abada. Ka sa tiyo cikin madigadi ka zubar da jar ƙasar da ta daskare a lungu, ita ce ke riƙe danshi ta haifar da tsatsa.

3. Jiƙa ta sosai kafin hannu ya sauka

Wannan mataki shi ne aka fi raina wa, kuma a ƙasarmu shi ne mafi muhimmanci. Ƙurar hunturu gari ce a ido, amma akwai yashi mai kaifi a cikinta. Ka kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har sai ka ga ruwan da ke sauka ya daina yin ja. Ka bi gefen gilasai, ƙarƙashin madubi, tsakanin kan mota da bodin baya, da jikin marfin baya. In bodin bayan akwai ragowar siminti, taki ko yashi, ka share ka wanke shi yanzu, tun kafin ka zo kan fenti.

Gargaɗi: in kana da injin feshi, ka ja baya kamar taku ɗaya daga jikin motar, kuma kada ka nufi inda fenti ya fara ɓawo ko bakin sitika. Ruwan zai shiga ƙarƙashi ya ɗaga shi.

4. Wanki da bokiti biyu

Bokiti ɗaya ruwan sabulu, ɗaya ruwa zalla. Ka bi ma'aunin da aka rubuta a kwalbar sabulun, da yawansu mililita 30 ne a ruwa lita 4. Ka tsoma safar a ruwan sabulu, ka wanke fuska ɗaya, misali rabin rufi, sannan ka kai ta bokitin ruwa zalla ka girgiza ka matse, kafin ka koma sabulu. In ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar bayan ka gama ƙofa biyu za ka ga yashin da ya kwanta. Da bokiti ɗaya kake aiki, da duk wannan ya koma kan fenti.

Jerin shi ne rufi, gilasai, bonet, saman ƙofofi, gefen bodi, sannan ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe. Ka riƙa jan hannu a miƙe, gaba da baya, ban da zagaye, ban da dannawa. Kowace fuska ka gama ka ɗauraye ta nan take, kada kumfa ta bushe.

Gargaɗi: Omo, Klin da sauran garin sabulun wanki ba na fenti ba ne. Suna da ƙarfi, suna cire duk wata kariya, suna sa baƙar roba ta koɗe ta yi fari-fari, kuma ƙwayar da ba ta narke ba tana karce. Haka soson buhu da tsohuwar singileti.

5. Kwalta, ƙaro da kashin tsuntsu

Bayan wanki ka zagaya motar ka duba ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi. Ɗigon baƙi-baƙin nan kwalta ce, wadda ta fi yawa in ka bi titin da ake gyara da rana tsaka. Yumɓu zai iya cire ta, amma za ta ɓata shi nan da nan, don haka ka cire ta tukuna. Akwai maganinta na feshi. In babu, ɗan kananzir a tawul yana narkar da ita: ka ɗora, ka jira kamar minti ɗaya, ka share a hankali, ka wanke wurin da sabulu nan take. Ka fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, musamman in an taɓa yi wa motar sabon fenti.

Gargaɗi: fetur, tina (ruwan sirka fenti) da man birki kada su kusanci fenti. Man birki ma ɗaga fenti yake yi.

Kashin tsuntsu ko na jemage da ya bushe, kada ka kankare shi da farce. Ka ɗora jiƙaƙƙen tawul a kai na ɗan lokaci, zai saki da kansa.

Masu farar mota za su iya ganin ƙananan ɗigo masu launin tsatsa. Ƙarfe ne ya nutse a fenti ya yi tsatsa a wurin. Akwai maganin feshi na cire ƙarfe, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke komawa launin shunayya idan ya haɗu da ƙarfen. Ba dole ba ne, amma yana rage wa yumɓu aiki. Kada ka bari ya bushe a jiki.

6. Gwajin leda

Ka zura hannunka cikin siririyar leda ka shafa a hankali a kan bonet ɗin da ka wanke. Leda na ƙara wa yatsu jin abin da ba sa ji. In ka ji santsi, wannan fuskar ba ta buƙatar yumɓu, ka bar ta. In ka ji tsaki-tsaki, tana buƙata. Galibi rufi, bonet da marfin baya su ne suka fi kaushi.

7. Aikin yumɓu

Yumɓun nan ba na gini ba ne, roba ce mai danƙo da aka haɗa da gari mai laushi ƙwarai, aikinta ta yanke ta kuma kwashe abin da ya manne a saman fenti wanda sabulu bai iya ɗagawa ba. Yana zuwa mataki-mataki, mai laushi, matsakaici da mai ƙarfi. Ka sayi mai laushi. Mai ƙarfin na masu injin folish ne, domin yana barin dusashewa da sai an bi da inji.

Kada ka yi aiki da dunƙulen gaba ɗaya. Ka yanka shi uku ko huɗu, ka ɗauki ɗaya, ka mayar da sauran cikin mazubinsu. Ka murza shi a hannu har ya yi taushi, ka baje shi ya yi faɗin yatsu uku. Da sanyin safiyar hunturu zai yi tauri, sai ka jefa shi cikin kofin ruwan ɗumi na minti biyu.

Yumɓu ba ya tafiya a busasshen wuri. In kwalin ya zo da ruwan feshinsa, shi ke nan. In bai zo da shi ba, ka zuba ɗan sabulun mota a kwalbar feshi ka cika da ruwa. Ka fesa a wuri kamar santimita 60 a tsaye da kwance, ka fesa a kan yumɓun ma, har wurin ya jiƙe sharkaf. Sannan ka riƙa zamar da shi gaba da baya da nauyin yatsunka kawai. Da farko za ka ji yana ɗan cijewa, har da 'yar ƙara sar-sar. Bayan ja biyar ko shida ƙarar za ta ɗauke, ya riƙa sulɓewa shiru. Wannan shirun shi ne alamar wurin ya gama. Ka share da tawul, ka gwada da leda, ka matsa gaba.

Bayan kowane yanki ka juya yumɓun ka duba. Za ka ga fuskarsa ta yi ruwan ƙasa ko baƙi. Ka ninke dattin ciki, ka murza, ka sake bajewa don sabuwar fuska ta fito. In ka ga wata ƙwaya a bayyane, tsince ta da farce. Ranar da ka ninka ka ninka amma babu inda ya rage da tsabta, wannan guntun yumɓun ya mutu, ɗauko wani.

Nan ma daga sama za ka fara, ƙasan ƙofofi su zo ƙarshe. Gilasai ma suna son yumɓu, yana cire abin da ke sa wayifa tsalle da ƙara.

Gargaɗi: in yumɓu ya faɗi ƙasa, ya tafi. Kada ka wanke, kada ka ce ai tsakar gidan siminti ne. Yashin da ya ɗauka ba ya fita, kuma shi ya sa aka ce ka yanka shi tun farko. In ka san hannunka ba ya riƙo, akwai safar yumɓu da ake sawa a hannu, ita in ta faɗi ana ɗaurayewa a ci gaba, kuma ta fi sauri a babbar mota.

Gargaɗi na biyu: in ka ji ya manne ko ya bar shatin launinsa a fenti, ruwan feshin ne ya yi kaɗan ko ƙarfen ya ɗau zafi. Ƙara ruwa, kada ka ƙara ƙarfi. Kuma kada ka bi da shi kan baƙar robar da ba ta da fenti, ko fenti marar sheƙi, ko sitika.

Yumɓu ba aikin kowane wata ba ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, misali bayan hunturu ya wuce da kuma bayan damina.

8. Sake ɗauraya ka busar

Ka sake bin motar da ruwan sabulu sama-sama don cire ragowar feshin, ka ɗauraye. Busarwa kuma da hanzari ake yin ta, domin ruwan burtsatse a wurare da yawa yana da zartsi, in ya bushe da kansa sai ya bar farin tabo zagaye-zagaye wanda rana ke gasawa cikin fenti. Ka shimfiɗa babban tawul a kan fuska ka ja shi a hankali zuwa gare ka. Ka buɗe ƙofofi, murfin tanki da marfin baya ka tsane bakinsu. Ruwan da ya ɓoye a bayan madubi da hannun ƙofa shi ne zai gangaro daidai lokacin da ka fara shafa wakis.

9. Dubi fentin kafin ka rufe shi

Ka haska fitilar waya a gefen ƙofa. In zanen kaɗan ne, wuce zuwa wakis. In fentin ya dusashe, yana buƙatar folish mai laushi tukuna, wanda za ka iya shafawa da hannu da soso, fuska bayan fuska. Zanen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya fi ƙarfin folish, na mai fenti ne.

Masu farar Toyota su lura da wani abu. A jikin 'yar takardar da ke bakin ƙofa akwai inda aka rubuta C/TR, lambar da ke biye ita ce ta fenti. Da yawa daga cikin fararen motocin da ke da lamba 040 fentinsu bai da waccan fatar ta sama daban, shi ya sa in suka daɗe a rana sukan yi gari-gari kamar alli. In ka shafa folish da tawul mai duhu ka ga fari ya biyo shi, kada ka firgita, mataccen saman ne ke fita. Irin wannan fenti yana farfaɗowa da kyau, amma ya fi kowanne buƙatar a rufe shi da wakis a ranar.

Gargaɗi: in motar ba ta daɗe da fitowa daga wajen mai fenti ba, kada ka shafa wakis. Sabon fenti yana buƙatar wata ɗaya zuwa uku yana fitar da sinadarinsa. Tambayi wanda ya yi aikin.

10. Shafa wakis

Iri biyu za ka tarar. Akwai na kanauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Barazil, yana ba da sheƙi mai zurfi musamman a baƙa ko jar mota, amma a zafin ranarmu da ƙyar ya wuce sati shida zuwa takwas. Akwai kuma na haɗin sinadari, wanda kan kai wata huɗu zuwa shida. Motar da ke kwana a waje tana zuwa gona da kasuwa, ni na sinadarin nake ba ta shawara. Kanauba na wanda ke da gareji ne da lokacin sake shafawa.

Da farko ka manna selotef ɗin takarda a bakin duk wata baƙar roba: gefen madigadi, gindin madubi, robar gilashi, saman bamba. Wakis in ya shiga ramukan robar nan yana bushewa ya yi fari, cire shi kuma wahala ce.

Ka ɗan jiƙa soson shafawa ka matse. In mai daskarewa ne, juyi ɗaya a cikin gwangwani ya isa rabin ƙofa. In na ruwa ne, ɗigo uku ko huɗu. Ka shafa siriri ƙwarai, har sai ka karkata kai kafin ka ga alamarsa. Nan ne kusan kowa ke kuskure, ana lafta shi da tunanin yawa shi ne kariya. Abin da ke manne wa fenti ɗan kaɗan ne, sauran duk a tawul zai ƙare, bayan ya wahalar da kafaɗarka ya cika lungunan tambari da farin gari.

Ka yi fuska biyu, ka tsaya. Kada ka shafe motar gaba ɗaya sannan ka dawo gogewa, iskar hunturu na busar da shi da sauri ya yi tauri.

Gargaɗi: ban da gilashin gaba, ban da matakalar gefe, ban da ƙasan bodin baya inda ake takawa. A gilashi yana hana gani da dare in ana ruwa, a matakala kuma santsi ne mai kayar da mutum.

11. Gogewa

Bayan 'yan mintuna wakis ɗin zai yi hazo-hazo. Ka ja yatsa ɗaya a kai. In ya bar layi mai tsabta yana sheƙi, ya nuna. In ya yi jirwaye, ba shi minti biyu. Wasu na zamani ba sa buƙatar jira, shafawa ake a goge nan take, don haka karanta bayan kwalbar.

Ka ninka tawul gida huɗu, ka samu fuska takwas ke nan. Ka share da fuska ɗaya, ka juya sabuwa ka bi don sheƙi. In ta fara ja, canza. Ragowar da ta shiga tsakanin haruffan tambari da bakin ƙofa, tsohon buroshin haƙori mai laushi da aka naɗe da tawul yana fitar da ita. Ka cire selotef, ka fitar da motar haske ka zagaya ta, za ka ga inda ka tsallake. In na sinadari ka shafa, ka hana ruwa taɓa ta har washegari.

12. Abin da zai sa aikin ya daɗe

Ka hana kowa share ta a bushe. Yaron gida ko maigadi da ke tashi da safe ya bi ta da tsumma don ya kyauta maka, a cikin sati biyu zai dawo da zanen da ka yini kana gudu. Ka gaya masa in babu ruwa a bar ƙurar. Haka tamfol, kada a lulluɓa shi a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi yana gurzar fenti.

Ka riƙa wanke ta duk sati ɗaya ko biyu da bokiti biyun nan. In kai ta wajen masu wanki za ka yi, tafi da sabulunka da safarka da tawul ɗinka. Kashin tsuntsu kuma a ranar ake cire shi. Tawul ɗin ka wanke su su kaɗai da sabulun ruwa, ka shanya a inda ƙura ba ta kaiwa, ka adana a leda. Ragowar yumɓu ka fesa masa ɗan ruwan sabulu ka rufe a mazubinsa, kuma ban da ajiye shi ko gwangwanin wakis cikin mota, zafi zai narkar da su.

Don sanin lokacin sake shafawa, ka duba yadda ruwa ke zama a bonet lokacin ɗauraya. Muddin yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, wakis na nan. Ranar da ya fara shimfiɗewa ya kwanta, ka wanke, ka yi gwajin leda, in da santsi ka tsallake yumɓu, ka busar da ita, ka wuce kai tsaye mataki na 10.